Bindigar da na saya don farautar elk a Kolorado

Elk ɗan dangin barewa ne, amma kada dangin ya ruɗi kowa. Namijin da ya ƙosa yakan haura kilo 300, wato ajin gwanki ke nan, ga ƙaho mai rassa, ga faɗin ƙirji, ga taurin rai. Jihar Kolorado, inda nake zaune, ta fi kowace jiha a Amurka yawansu. Da na yarda zan bi abokan aikina dajin White River, ta wajen garin Meeker, a ƙarshen Oktoba, ba ni da bindiga, kuma kowa na tambaya sai ya ba ni tasa fatawar.

Na fara da doka, don ita ba ta da gardama. Hukumar Colorado Parks and Wildlife, mai kula da namun daji a jihar, ba ta ba wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 lasisi sai ya yi kwas ɗin farauta. Ba a harbin elk da harsashin da faɗinsa bai kai .24 na inci ba, nauyin kansa kuma kada ya gaza giren 85 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), sannan ya zama irin mai buɗewa idan ya shiga nama. Wannan ƙasan tsani ne kawai, ban ga wanda ya tsaya a nan ba. A shago kuma sai an binciki tarihinka, ka jira kwana uku kafin a miƙa maka bindigar.

Abokan nawa sun rabu gida biyu a kan girman harsashin da bindigar za ta ci. Wasu sun rantse da .300 Winchester Magnum, wai elk ba ya jin ƙaramin harsashi. Samarin cikinsu kuma suka ce 6.5 Creedmoor, wadda ta fito a 2007, ta isa, ga laushi a kafaɗa. Wani dattijo da ya tsufa a kan duwatsun nan bai shiga musun ba. Kai ni ya yi filin koyon harbi, ya ba ni Magnum ɗinsa, shi ke ɗura mini ban gani ba. Can sai ya miƙo ta babu harsashi a ciki. Na ja kunama, ba ta tashi ba, amma bakin bindigar ya dulmiya ƙasa, idona ma a rufe. Ya ce, "Ka gani? Jikinka ya riga ya ji tsoronta." Shurin bindiga ba ciwon kafaɗa kaɗai yake jawowa ba, koya wa mutum zabura yake yi kafin harsashi ya fita, kuma mai zabura ko da igwa ya zo ƙafar dabba zai karya.

Sai na tsaya a tsakiya, na ɗauki bindiga mai cin harsashin .30-06 Springfield. Tun 1906 sojojin Amurka suka fara aiki da ita, kuma har yau babu shagon ƙauye a yankin farauta da za ka rasa harsashinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya manta kwalinsa a gida. Ga araha, wadda ke ba mutum damar yin atisaye ba tare da lissafin kowane harbi ba. Bindigar kanta Tikka T3x Lite ce, ƙirar Finlan, mai sakata da ake ja da hannu, nauyinta wajen kilo 3. Bindiga marar nauyi ta fi shuri, na sani, amma birnin Denba yana kan tsayin mita 1,600 ne, inda za mu kuwa ya kusa 3,000. A can numfashi ma aiki ne.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne harsashi, kuma ina ganin nan ya kamata sabon shiga ya ɓata nasa. Bindiga jefawa kawai take yi, kan harsashin ne ke haɗuwa da fata da ƙashi. Na ɗauki Nosler Partition mai giren 180, kimanin giram 12, yana fita da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa. Asalinsa, a 1946 John Nosler ya harbi wani mus, babban yayan elk, a Kanada, dabbar ta yi birgima cikin laka, harsasan suka riƙa tarwatsewa ba su ratsa ba. Ya koma gida ya ƙera wanda ke da shamaki a tsakiya: gaban ya buɗe ya yi ɓarna, bayan ya tsaya cur ya ci gaba da hudawa. Abin da ake so ke nan a jikin elk, harsashin da zai ratsa huhu biyu ko da ya gamu da haƙarƙari. Ni kuma ina da ƙarin dalili. Malamai sun sharɗanta cewa makamin farauta ya huda ya zubar da jini, a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in an tarar da dabbar da rai a yanka ta. Harsashin da ke gama aiki da wuri ya fi kwantar mini da hankali ta wannan fuskar ma.

Na yi yawancin atisayena da Remington Core-Lokt mai sauƙin kuɗi, amma saitin ƙarshe da Partition na yi, domin harsasai biyu masu nauyi ɗaya ba lallai su sauka wuri ɗaya ba.

Madubin hangen da ake ɗaura wa bindiga kuwa, shaguna cike suke da manya masu kusanto da abu har sau ashirin. Ban kula su ba. Na sa Leupold 3-9x40, mai kusanto da abu daga sau uku zuwa sau tara. Doka ta ba da damar harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta, kuma lokacin ne elk ke fitowa, saboda haka gilashi mai haske ya fi mai girma amfani. Ina barinsa a kan uku kullum, don cikin kurmin bishiyoyi idan dabba ta tashi kusa da kai madubi yana kan tara, gashi kawai za ka gani. A ɗaura shi da tazara daga ido, in ba haka ba shuri ya tsaga gira. Da dare a bar bindigar cikin sanyi, shigar da ita tanti mai ɗumi yana sa gilashi da ƙarfe su yi raɓa. Kuma ba a leƙen abin da ba a tantance ba da madubin bindiga. Wannan aikin madubin hangen nesa na hannu ne. Da shi ake ƙirga rassan ƙaho, tunda a yawancin yankuna sai namiji yana da rassa huɗu a ɓangare ɗaya, ko reshen goshi mai inci 5. Da shi kuma ake gane cewa abin da ke motsi mutum ne sanye da rigar ruwan lemo da doka ta wajabta.

Na yi saiti a yadi 200. Haka harsashin yana hawa kamar inci 2 a yadi 100, ya sauka kusan inci 9 a yadi 300. Dattijon ya hana ni harbi daga kan tebur bayan saiti. Sai a durƙushe, ko a kan jakar baya, bayan na yi sassarfa ina haki, ina harbin farantin takarda. Inda na daina samun farantin kowane harbi, nan ne iyakata, kuma ta tsaya a yadi 250.

Iyakar ta yi aiki. Mun ga wani ƙato a tsallaken kwari, na'urar auna nisa ta nuna ya haura yadi 400, na bar shi ya wuce ina cizon yatsa. Wanda na samu daga baya bai kai shi girma ba, ya fito bakin kurmi da asuba, tazarar ba ta kai yadi 150 ba. Na yi bisimilla, na sa masa a bayan kafaɗa, na sake ɗurawa nan take kamar yadda aka koya mini. Ya ɗan ruga ya faɗi. Wajen fiɗa muka tsinci harsashin ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, gabansa ya baje, bayansa lafiya lau.

Daga nan aikin gaske ya fara, domin doka ta hana barin nama a daji: cinyoyi, kafaɗu da naman gadon baya duk a goye muka sauko da su, sawu bayan sawu. Ranar na yi wa bindiga marar nauyi godiya. Bana ba zan canza ta ba, ba zan canza madubi ba. Harsashi dai zan gwada Barnes na jan ƙarfe zalla mai giren 168, saboda dalma takan bar ɓurɓushi a nama kusa da raunin, kuma yarana sun fi kowa cin naman nan.