Ruwan da ya yi kauri a ɗakin gwaji

Yau a ɗakin gwajinmu na Ngaundere na ga abin da ya sa nake son kimiyyar polima, wato sinadarai masu siffar doguwar sarƙa da ake samu idan ƙananan ƙwayoyi suka haɗu da juna. Mun haɗa akrilamid, wani sinadari mai narkewa a ruwa, da ɗan abin da ba ya shiri da ruwa, ƙasa da kashi 1 cikin 100, muka narkar da shi cikin wani sabulun ɗakin gwaji da ake kira SDS, muka ɗora a wuta kusan digiri 50. Polimar da ta fito doguwar sarƙa ce mai son ruwa, jefi-jefi da 'yan wutsiyoyi masu gudunsa. A cikin ruwa wutsiyoyin nan sai su nemi juna su manne, sarƙoƙi su zama raga.

Wallahi ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Da muka juya shi da ƙarfi sai ya tsinke, muka bar shi ya huta, kaurin ya dawo. Malam ya ce, "Ku ƙara gishiri." Kaurin ya ƙaru, alhali gishiri tsinka HPAM yake yi, wato polimar da aka saba kaurara ruwa da ita a tura cikin rijiyar mai don a koro man. Shi ya sa masu haƙar mai ke sha'awar irin polimarmu, domin ruwan rijiyoyi gishiri gare shi. Masu fenti ma da danginta suke kaurara fentinsu.