Ashe minti 40 ba komai ba ne

Laraba, da daddare. Ko jakata ban buɗe ba tun da na dawo, bari dai in rubuta abin nan tun yana da zafi.

Yau ne darasina na uku a gaban ɗalibai na gaske. A kwas ɗin CELTA, wato kwas na koyon koyar da Turanci, awa 6 kacal mutum zai koyar ana zaune a baya ana duba shi, shi ya sa duk darasi ɗaya da ya lalace sai ka ji kamar an yanke maka yatsa. Ni kuma present perfect, wato nahawun Turanci irin su he has gone, ya faɗo a kaina. Jiya har ƙarfe 1 na dare ina tsara takarda: minti 5 na buɗe darasi, 8 na gabatar da nahawun, 10 cike gurbi, 12 hira biyu-biyu, 5 na gyaran kurakurai. Lissafi ya cika cif, 40. Har da yanka ƙananan takardu na tambayoyi na zuba a ambulan, ina jin kaina wai na gama da su.

Farko lafiya lau. Na rubuta I have lost my key a allo, na ja layin lokaci, na yi tambayoyin nan na gwada fahimta da aka koya mana, makullin yana hannuna yanzu? a'a. Mun san yaushe ya ɓata? a'a. Suna amsawa ina jin daɗi. Sai wani dattijo da ke zama gaba ya ɗaga hannu ya ce to me ya hana a ce I have seen him yesterday? Amsar fa gajeriya ce, in ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce ya rufe sai ka koma simple past, ka ce I saw him yesterday, shi ke nan. Amma ina! sai bakina ya ɓalle, na shiga bayani, na kawo this morning na ce ya danganta ko safiyar ta wuce ko ba ta wuce ba, wata ta ce ita tana jin 'yan Amurka na cewa did you eat yet, na ce e haka ne su suna faɗa, na sake jan wani layin a ƙarƙashin na farko, allo ya koma kamar kaji sun yi tono a kai. Da na saci kallon agogo minti 24 sun tafi kuma ba wanda ya buɗe baki ya yi jimla ɗaya tasa ta kansa, ni kaɗai nake ta zuba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma kaina a can ciki da Hausa nake auna abin, kuma a wurinmu "ya tafi" ɗaya ce, ko he went ko he has gone duk ita ce. Na iya amfani da su daidai in ina magana, kunnena ya saba, amma a tsayar da ni a ce me ya sa, nan ne ƙafata ke rawa. In ƙafa na rawa kuwa baki ba ya tsayawa, gani kake in ka ƙara jimla ɗaya za ta fito fes.

Cike gurbin a guje muka yi shi. Hira biyu-biyu, wadda ita ce ma dalilin darasin, minti 3 ta samu, rabon takarda da juya kujeru suka cinye ɗaya daga ciki, abin da ko kusa ban sa a lissafi ba. Ambulan ɗin rabinsa ya dawo gida da ni.

A zaman bita Malamar da ke horar da mu ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Miƙo min takardata kawai ta yi, gefen kowane mataki ta rubuta ainihin mintocin da na ci da jan biro, gefen 8 ɗina akwai 19. Ta ce tambayar dattijon mai kyau ce, amma da na ba shi misali biyu na ce mu haɗu bayan darasi. Na ce Malama ai kunya na ji kar ya ɗauka ban sani ba. Ta yi murmushi ta ce in yi alama tun a takarda a kan aikin da zan iya jefarwa in lokaci ya ƙure, kuma kar ya zama hirar ɗalibai ce.

Ranar Litinin conditional na biyu ne nawa, if I had money da 'yan uwansa. Ɗazu na kunna agogon waya na gwada bayanin ni kaɗai a ɗaki, ba mai tambaya ba mai ɗaga hannu, minti 11. Takarda ta ce 6. Ga kuma rubutaccen aikin nazarin nahawu da ko layi ɗaya ban fara ba.