Majinginar kujerar nan ta fito, ledar ba ta yage ba

'Yan uwa masu koyon aikin kujeru, yau kam raina fari ƙal. Wata kujerar kishingiɗa ta gwanjo, wadda mai ita zai tashi daga unguwar Pantami ya koma Tumfure a Gombe, ta rabu biyu, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Ƙofar ɗakin ce ta jawo aikin. A haɗe ba za ta wuce ba, har masu dako sun fara cewa a cire ƙyauren. Na ce su dakata, domin irin wannan majinginar zura ta ake yi kan ƙarafa biyu, ba noti ne ke riƙe da ita ba. Ɗage yadin baya da gano harsunan makullin hagu da dama, waɗanda ke kulle majinginar a kan ƙarafan nan biyu, wannan duk kun sani.

Na dama ina sa masa sukudireba ya ɗaga. Na hagu kuwa ya kafe. Da na haska tocilar waya sai na ga tsatsa ta ci shi, ƙurar hunturu ta cakuɗe da tsohon giris ta daskare kamar kwalta. Ƙarfen ma ya ɗan lanƙwashe, da alama wanda ya haɗa ta a baya da guduma ya tura ta. Wallahi abin ya ƙona min rai, aikin hannu kawai take buƙata amma aka yi mata na ƙarfi.

Ga abin da nake so ku riƙe: muddin gefe ɗaya ya riga ɗan'uwansa tashi, ɗayan ƙara cijewa yake, don majinginar ta karkace a kan ƙarfen. Kana ja, tana ƙara kamawa. Sai na danne na daman ya koma mazauninsa, na fesa wa na hagun WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, na bar shi ya sha har bayan la'asar. Kuɗin gwangwanin nan ya yi min ciwo, ya kusa cinye rabin ladan aikin. Kananzir zai iya, amma in ya shiga soso warinsa ba ya fita, mai kujera kuma ba zai yafe ba.

Na tokare harshen da sukudireba, ni a hagu, ƙanina a dama, muka ɗaga tare, sama sak, muna ɗan girgizawa. Sai ji muka yi ƙas! Ta zare. Alhamdu lillahi.

Wurin miƙe ƙafa na rufe shi na ɗaure da robar tsohon tub kafin a loda a a-kori-kura, don sifirin ɗin in ya kuɓuce a hanya zai iya datse wa ɗan dako yatsa. Wayar da ke haɗe da hannun da ake ja a buɗe wurin miƙe ƙafar ban taɓa ta ba.

Saura miƙar da ƙarfen hagun kafin a mayar da majinginar. Ba na son kai shi wurin mai walda, wuta za ta kashe ƙarfin harshen. Wanda ya taɓa miƙar da irinsa da filaya a sanyi, don Allah ya faɗa min ta ina ya kama.