Kofin EBR-I ya faɗi yadda ake so, bayan mako biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kofin samfurin tukunyar nukiliya ta EBR-I da nake haɗawa ya faɗi. Na murɗa kan famfon, ya sulalo ƙasa gaba ɗaya bai gogi jikin tankin ba, ƙwayayen fitilar nan huɗu suka mutu lokaci guda. Na ɗaga na saki har sau goma sha biyu, ko sau ɗaya bai cije ba. Alhamdulillahi. Mako biyar ke nan wannan abu ɗaya ya hana ni taɓa komai a samfurin.

Wasunku sun ba ni shawarar in manne kofin da gam in wuce wurin, tunda samfurin na kallo ne. Na gode, amma raina bai kwanta da hakan ba. A tukunyar EBR-I ta jihar Idaho a Amurka, wadda Walter Zinn da mutanensa na ɗakin binciken Argonne suka tsara, kofin nan shi ne babban birki. Zuciyar tukunyar ba ta fi kankana matsakaiciya girma ba, kuma niyutiron masu gudu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fasa yuraniyom, su ne ke aiki a cikinta, yawancinsu waje suke nufa. Tubalan yuraniyom 84 da aka jera kamar kofi, aka ɗora a kan na'urar ɗagawa mai aiki da matsin ruwa, su ke mayar da wani kaso ciki, su kama wani kaso ya rikiɗe ya zama fulutoniyom. Kofi ya hau, aiki ya kankama. Kofi ya sauka, niyutiron su tsere, wuta ta mutu. In na manne shi, me zan nuna wa yaran da za su zo kallo?

Tubalan farko da katako na yanka su, goma sha biyu a kowane zobe, zobe bakwai. Sun yi kyau a ido, sai dai ba nauyi. Sirinjin da na sa a madadin na'urar ɗagawa ya tura kofin sama lafiya lau, amma da na saki ruwan sai ya tsaya cak, robar bakin sirinjin kaɗai ta isa ta riƙe shi. Na shafa man keken ɗinki, robar ta kumbura, abin ya ƙara muni. Kada wanda ya gwada wannan.

Sai na koma siminti. Na yi ƙaramin ma'auni da gwangwani na zuba tubalan ɗaya bayan ɗaya, kwana shida suna bushewa a inuwa. Nauyi ya samu har ya yi yawa: ranar gwajin farko robar ƙarin ruwan da na haɗa sirinjojin biyu da ita ta fizge, ruwa ya malale a kan falankin gindi. Na goge na ci gaba, ban san nan ne masifar ta fara ba. Na sayo manyan sirinjoji, na ɗaure bakin robar da siririyar waya. Yanzu kofi na hawa, amma saukarsa tafiyar hawainiya ce, don duk ruwan sai ya bi ta ɗan tsukukun bakin nan kafin ya koma. Birkin gaggawa da ke ɗaukar daƙiƙa takwas ai ba birki ba ne. Wajen faɗaɗa bakin na fasa sirinji biyu, na uku ya yi. Na cire robar ƙarin ruwan na sa tiyon mai na babur, sannan na samo kan famfon tankin janareto a wurin wani bakanike, ruwan ya riƙa zubewa kai tsaye cikin gora.

Nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Da saurin ya samu, sai kofin ya karkace a tsakiyar hanya ya doki tankin, wato bututun roba mai kama da gilas da na sha wahalar samu. Ya tsage daga sama har ƙasa. Naira dubu tara na saye shi, na sake biyan wata dubu tara da ɗari biyar, ban da kuɗin mota. Kwana uku ban shiga ɗakin ba.

Na ɗauka sandar jagora ɗaya ce ta yi kaɗan, na mayar da su uku da ƙarfen labule, na goga musu kyandir. Duk da haka in ya sauko kamar kashi ɗaya cikin uku sai ya cije, kullum a wuri ɗaya. Na goge tubalan da samfefa, na auna zoben, na canza sirinji, shiru. Shekaranjiya dabara ta faɗo mini: na shafe sandunan uku da alli, na saki kofin, na duba inda allin ya goge. Biyu lafiyarsu ƙalau. Ta uku allin ya kankare ta gefen ciki kawai, alamar ta sunkuya. Na ɗora ruler a kan falankin gindi sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinta. Ruwan nan da ya zube tun farko, ga kuma laimar damina, sun bankare falankin, shi kuma ya ja sandar. Duk gyaran da nake ta yi a sama nake yi, ciwon yana ƙasa. Na cire falankin na sa murfin tukunyar alminiyom mai kauri, na huda, na ɗaure sandunan da noti sama da ƙasa. Shi ke nan.

Fitilun ƙwan siginar babur ne guda huɗu, na rataye su a waya ɗaya kamar yadda suke a hoton ranar 20 ga Disamba, 1951, lokacin da tukunyar ta kunna ƙwai huɗu masu wat 200 kowanne, washegari kuma ta ɗauki wutar ginin gaba ɗaya. Makunnin na ƙofar tsohon firji ne, kofin na zama a kansa sai wuta ta ɗauke. Aibinsa shi ne da kofi ya ɗan ɗaga fitilu ke kamawa, alhali kamata ya yi sai ya kai sama. Zan sake masa wuri.

A tsarina na farko, yanzu ya kamata a ce na gama bututan sanyaya, layi biyu na narkakken sodiyom da fotasiyom kafin a kai ga tukunyar tururi, tunda wannan haɗin ba ya ga maciji da ruwa. Ko fenti ban saya ba. Hankalina ya koma kan sandunan makamashi, wato sandunan yuraniyom da ke cikin zuciyar tukunyar, don abin da ya faru da sandar jagorata ya sa na sake karanta labarin 29 ga Nuwamba, 1955 da wani ido daban. Ranar suna gwaji an tsayar da gudun ruwan sanyaya, zafi ya sa sandunan suka lanƙwasa zuwa tsakiya, kusantar juna ta ƙara ƙarfin aikin, kafin a kashe wani sashe na zuciyar ya narke. 'Yar sunkuyawar da ido ba zai kama ba ce ta jawo haka. A zuciya ta uku da suka ƙera sai suka ɗaure sandunan tamau yadda ba za su motsa ba, aka ci gaba da aiki har aka kai ga ta fulutoniyom a 1962. Ina so samfurin ya nuna duka biyun, zuciya mai sakakkun sanduna da mai ɗaurarru, a riƙa cire ɗaya ana sa ɗaya.

Tsinken tsire zan yi amfani da shi, na riga na tara na zaɓe miƙaƙƙu. Abin da ya tsaya mini shi ne farantin da za su zauna a ciki: ramuka 217 a jere mai kusurwa shida, a faɗin da bai kai tafin hannuna ba. Na gwada a roba sau biyu, duka biyun sun tsage tun ban kai layi na biyar ba. Wanda ya taɓa huda ramuka masu kusancin haka, don Allah ya faɗa mini da me ya yi farantin, kuma daga tsakiya ya fara ko daga gefe.