Darasin da rahotannin kutse suka koya mini

Aikina shi ne karanta rahotannin kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwannin Amurka, in tace wa masu zuba jari abin da ke ciki. Sashen da ya fi koya mini taka-tsantsan shi ne na tsaron kwamfuta da bayanan jama'a, domin a nan kamfani ke iya yin magana mai tsawo, kowace jimla gaskiya, amma a rufe rahoton ba a san an yi masa ɓarna ba.

Kusan kowane kamfani yakan rubuta cewa masu kutse na iya shiga rumbun bayanansa wata rana. Matsalar ita ce, wani lokaci sun riga sun shiga sun fita. A 2021 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta ci kamfanin Pearson, mai harkar littattafai da kayan karatu, tarar dala miliyan 1, saboda rahotonsa na 2019 ya kawo kutse a matsayin abin da ake tsoron aukuwarsa, alhali tuni an sace bayanan ɗalibai. A 2024 kuma kamfanin fasahar kwamfuta Unisys ya biya dala miliyan 4 kan irin wannan laifi.

Labarin Yahoo ne ya fi tsaya mini a rai. A ƙarshen 2014 aka sace bayanan asusun masu amfani da shafin Yahoo kimanin miliyan 500. Ma'aikatan tsaron kamfanin sun gano cikin 'yan kwanaki, sun sanar da manya da lauyoyin cikin gida. Daga nan maganar ta mutu. Shekara biyu kamfanin na fitar da rahotanni bai ce uffan ba, sai a Satumban 2016, lokacin da kamfanin sadarwa na Verizon ke shirin sayensa. An rage dala miliyan 350 daga farashin, SEC kuma ta ci Yahoo tarar dala miliyan 35 a 2018. Masu ilimin na'ura sun sauke nauyinsu. Tsakanin ofishinsu da teburin masu rubuta rahoto ne gaskiyar ta maƙale. Abin na damuna, domin kuɗin fanshon talakawa na cikin irin waɗannan hannayen jari.

A Yulin 2023 SEC ta fito da doka: kamfani ya sanar da kutse a takardar 8-K, wadda kamfani ke sanar da muhimmin abin da ya same shi, cikin ranakun aiki huɗu. Sai dai ba daga ranar kutsen ake ƙirga ba. Daga ranar da kamfanin da kansa ya yanke cewa ɓarnar ta kai mai zuba jari ya sani ake farawa. Wuƙa da nama na hannunsa.

Shi ya sa yanzu nakan wuce alƙawuran tsaro da sauri, in nemi inda dokar ta tilasta a bayyana yadda hukumar daraktoci ke sa ido. Wa shugaban tsaron bayanai yake kai wa rahoto? Sau nawa daraktoci ke zama da shi, kuma akwai wanda ya san fannin a cikinsu? Sannan nakan duba ko kamfanin da aka yi wa kutse ya dawo ya bayyana adadin asararsa. Kamfanin otal-otal da gidajen caca na MGM Resorts ya yi haka a Oktoban 2023, ya ce harin da aka kai masa a watan Satumba ya jawo masa asarar kusan dala miliyan 100, kuma da wannan adadi mai jari zai iya zama ya yi lissafinsa.