Babban taron jam'iyya da takarar shugaban ƙasa

'Yan uwa na Garwa da Marwa, ana ta cewa babban taron jam'iyya biki ne kawai na hula da atamfa. Wallahi ba haka ba ne, a nan takara take tsayawa ko ta faɗi.

Dokar zaɓen Kamaru ta 2012 ta ce jam'iyyar da za ta tsayar da mutum sai tana da wakili a majalisar dokoki, ko ta dattawa, ko ta yanki, ko ta gunduma. In babu, sai ɗan takarar ya nemo sa hannun manyan mutane 300, wato 30 daga kowane yanki. Ga kuɗin ajiya sefa miliyan 30, kuma kwana 10 kacal gare shi bayan an kira zaɓe ya kai takardunsa hukumar zaɓe, wato ELECAM.

Ku duba 2025. Jam'iyyar adawa ta MRC ta ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa da na gundumomi na 2020, ta rasa wakilai, sai jagoranta Maurice Kamto ya koma jam'iyyar MANIDEM don ya tsaya takara. Takardun 'yan takara biyu suka iso da sunan MANIDEM ɗin, aka yi watsi da takararsa. Da taron wakilai ya zauna a fili, aka rubuta wanda aka zaɓa da mai ikon sa hannu, da an toshe wannan ƙofar.

Abin da ya fi damuna shi ne RDPC, jam'iyya mai mulki. Tsarinta ya ce shugaban jam'iyya shi ne ɗan takara, ga shi an kwashe shekaru bayan taron 2011 a Yawunde ba a sake zama ba. To ɗan jam'iyya na Kusiri ko Ngaundere, a ina zai faɗi wanda yake so?