Kar ku kai wa kowa taswira sai kun karanta da idonku

Ƙannena masu koyon Python, musamman ku da ke haɗa furojet ɗin gama makaranta a nan Jos, bari in ba ku labarin abin da ya same ni don wallahi har yanzu abin na min ciwo.

Aiki aka ba ni in tattaro koke-koken mutanen Filato kan rashin ruwan famfo daga rubuce-rubucen Hausa na Facebook, in ciro sunayen wurare in ɗora a taswira. Na sauko da spaCy, laburaren Python mai ciro sunaye daga rubutu, na haɗa da wani laburaren mai suna geopy yana tambayar Nominatim, manhajar intanet mai faɗin inda wuri yake a taswira, dare ɗaya komai ya fito, jajayen ɗigo gwanin sha'awa, ko layi 20 ban karanta ba na kwasa na kai wa mai aikin. Yana janyo taswirar baya sai ga ɗigo a Nepal. Langtang ɗinmu ta Filato ce ta tafi can, ashe akwai wani kwari mai wannan suna a tsaunukan Himalaya. Ga wani a Indiya, Gaya ta jihar Bihar, alhali wata baiwar Allah ce ta rubuta "Gaya musu kwana goma ba ruwa". Bai min faɗa ba, shiru kawai ya yi ya rufe kwamfutar, aikin kuma bai dawo hannuna ba.

Na waje ma da sauƙi tunda ido na kama su. Na cikin gida su ne masifar, don Bauchi Road ta koma garin Bauchi, Zaria Road ta tafi Zariya, Ali Kazaure ta tafi Jigawa, Nasarawa Gwong kuma jihar Nasarawa, kun ga unguwannin da suka fi kuka da ruwa su ne suka ɓace daga Jos gaba ɗaya, wannan ne ya fi damuna, mutanen da aka yi aikin dominsu ni na share su. Ga kuma sunayen mutane, ana cewa Tafawa Balewa ko Aminu Kano sai kod ɗin ya ɗauka gari ne.

Laifina ne fa, ba na laburaren ba. Modal ɗin da na saka, wato abin da ke gane sunaye a cikin spaCy, da Turanci aka horar da shi, ni kuma na ɗura masa Hausa. Ku je Hugging Face, shafin da ake ajiye modal-modal, ku nemi waɗanda aka horar da MasakhaNER, wato tarin rubutun da aka yi wa sunayen cikinsa alama, tun 2021 aka fitar da bayanan, harsunan Afirka 10 har da Hausa. Sannan gano suna daban, gano inda wurin yake daban, kar ku haɗa su a kod ɗaya. Ku sauke fayil ɗin Najeriya daga GeoNames, rumbun sunayen wurare na duniya, ku taƙaita Nominatim ga Najeriya kawai, kuma tambaya ɗaya a sakan ɗaya dokar Nominatim ce, ni sai da aka toshe ni.

Amma abin da ya fi min amfani jerin sunayen da na rubuta da hannuna ne. Na zauna da wani mai keke-napep a Terminus yana lissafo min unguwanni ina rubutawa, Gangare, Dilimi, Rikkos, da duk yadda ake rubuta kowacce, Angwan Rogo da Anguwan Rogo da Unguwar Rogo, Bukur da Bukuru. Yanzu kafin in nuna wa kowa sai na ɗebi layi 200 na bi ɗaya bayan ɗaya. Tudun Wada kam akwai ta a Jos da Kaduna da Zariya da Kano, in rubutun bai nuna wacce ake nufi ba ware ta nake gefe, ba na sa mata ɗigo.